Salloli Hamsin da Biyar a Bayan Ɗan Wasa

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Tun da na dawo daga Kaduna zaurena bai huta ba. Mai zuwa gaisuwa sai ya zarce da tambaya, mai wucewa gona sai ya jingine fartanya ya ce, "Malam, da gaske an nuna ka a bango?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawa ɓacin rai take tayar mini sabo. Shi ya sa na zauna na rubuta labarin sau ɗaya da ajamina, maƙwabcina Malam Bitrus ya juya shi boko.

Saboda waɗanda ba 'yan Dayi ba, bari in fara da abin da ya fitar da ni daga gida. Ni ke jan salla a masallacin unguwarmu, ɗan ƙaramin ginin ƙasa, sahu uku in an cika. Farkon daminar bara wata mota ta tsaya ƙofar gidana, mutum uku suka fito. Ɗayansu kowa ya san shi ban da ni: Isuhu, wanda ake kira Ɗan-Ƙwalisa, ɗan wasan da ake nunawa a talabijin yana fitowa a attajirin ƙarya. Kafin in gama amsa sallama, masu zuwa gidan kallo a Malumfashi sun cika layin. Shi kuwa ya durƙusa gabana ya ce ya gaji da duniyar wasa, ya tuba, yana so ya yi karatu ya ci guminsa a gona. Sauran biyun, wani Mista Kabiru da mai riƙe kyamara, suka ce za su riƙa leƙowa suna ɗaukar hoton tuban nasa don ya zama wa'azi ga na baya. Na yarda bisa sharaɗi ɗaya: kada ƙarfen nasu ya kusanci inda ake salla.

Wata huɗu ya yi a gidana, kuma ba zan rage masa komai ba. Ya yi huɗa har tafin hannunsa ya fashe. Ya bar gemu, ya ci tuwon dawa ba ƙorafi. Yana da karatu tun na yarinta, ga murya, in ya zo ayar azaba sai ka ga hawaye na bin gemun. Tsakiyar damina kurkunu ya fito mini a ƙafa, na kasa tsayuwa, wanda ya saba tsaya mini kuma ya tafi Musawa jinyar mahaifiyarsa. Sai na ce Isuhu ya shiga gaba.

Alhaji Sanda, dattijon unguwarmu, ya same ni a kwance ya ce, "Malam, mutumin da jiya-jiya yake tsalle cikin akwati, shi zai ja mu?"

Na ce, "Alhaji, makullin ƙofar tuba ba ya hannuna, ba ya hannunka. Ni na shaide shi."

Kwana goma sha ɗaya ya ja su, salla hamsin da biyar. Ni ina ɗaki ina yin tawa a zaune.

Kafin girbi ya ce zai je ya gano mahaifiyarsa, bai dawo ba. Bayan wata biyu wani direba ya ce ya gan shi a talabijin, fuska a aske tas, ya koma wasansa. Alhaji Sanda ya sake zuwa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mutum ya tuba ya koma, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, sallarmu tana nan. To in tun farko tuban wasa ne fa? Sallar da ya ja mu ita ma wasa ce, ko kuwa?" Ana cikin haka, da bazara, katin gayyata ya iso: za a nuna hoton da aka ɗauka a Kaduna, ana so in halarta. Na ce wa jama'a zan je, ba don kallo ba, don in yi wa Isuhu tambaya ɗaya.

Katin da boko aka rubuta, rabinsa ma da Turanci, saboda haka tafiyar ba ta yiwuwa sai da Malam Bitrus. Kirista ne, tsohon malamin makarantar mishan, gonarsa da tawa kunya ɗaya ta raba su shekara talatin. A kan babur ɗinsa muka bar Dayi da hantsi. Ba mu yi nisa ba bakin babbar rigata ya faɗa cikin taya, ya naɗe, muka tafi luu muka kwanta cikin wata gonar auduga da aka riga aka tsince.

Ya tashi yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Liman, na ce ka tattare rigar nan. Babur ba buzu ba ne."

Na ce, "Shekara nawa kana tuƙa shi, ba ka koya masa kunyar manya ba?"

Rigar ta yage har gwiwa, ita ce kuma rigata ta Juma'a. Haka na riƙe yagen a hannu har Malumfashi, inda muka bar babur ɗin gidan wani ɗan'uwansa muka shiga kiya-kiya mai zuwa Funtuwa.

A motar nan na fara gane girman abin da na sa kaina. Ba wanda ya san ni, amma tun kafin a bar tasha zancen Ɗan-Ƙwalisa ake. Wata Hajiya mai fataucin daddawa ta ce ranar da ta ji a rediyo ya tuba sai da ta yi sadakar ƙosai. Wani akawu mai jakar takardu ya ce, "Hajiya, talla ce. Waɗannan mutanen ko suma suka yi, ki duba da kyau, ido ɗaya a buɗe yake."

Ta ce, "Rufe mana baki. An ce wani babban malami a Dayi ne ya riƙe shi."

Ya ce, "Babba ko ƙarami, wani malamin ƙauye dai suka samu wanda bai san dawan garin ba."

Malam Bitrus ya danne mini gwiwa da hannu. Kusa da Bakori taya ta fashe, ta ajiyar ita ma ba iska. Muka yini ƙarƙashin wata ɗorawa, akawun nan yana ta ba da labarin yadda ake yaudarar mutanen karkara, har ya miƙo mini mangwaro. Na karɓa, don ƙin karɓa zai tona ni.

Sai bayan la'asar muka shiga Funtuwa, dole muka kwana. Mun sauka gidan Saraya, ƙanwar Malam Bitrus, wadda mijinta ke aiki a gidan gurzar auduga. Ina so a rubuta abin da matar nan ta yi, don zan kwatanta shi da na gaba. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta aika aka kira mahauci Musulmi ya yanka kaza, ta fito da sabuwar buta da sabuwar tabarma, ta tsaya tsakar gida ta nuna da hannu ta ce, "Baba Liman, gabas nan ne." Ta yi tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya. Kafin gari ya waye ta ɗinke mini rigar, ɗinkin da sai ka sa ido za ka gani. Ba addininmu ɗaya ba, amma ta san sallar mutum ba abin taɓawa ba ce.

Da safe muka sami fijo mai zuwa Kaduna. Kafin Giwa, wajen da ƙasar Katsina ta ƙare ta Zazzau ta fara, muka tarar da shinge, an gindaya gangar mai da katako mai ƙusoshi. Masu kaki suka ce kowa ya sauke kayansa. Ɗayansu ya zazzage ƙunshina a ƙasa, har da 'yar jakar fatar da nake sa littattafai. Ina sunkuyawa in ɗauke ta katin gayyatar ya faɗo, da hoton Isuhu a jiki. Mutumin ya ɗauka, ya duba, ya ƙame.

Ya ce, "Baba, ka san Ɗan-Ƙwalisa?"

Malam Bitrus ya ce, "A gidansa ya yi wata huɗu."

Nan take aka kira sauran. Wanda ya zazzage kayan shi ya tattara su, ya hure ƙurar jakar, ya buɗe mini ƙofa, ya ce in na isa in gaishe masa da shi. Furfurata ba ta sa ya ɗaga jakar daga ƙasa ba, abin da ke cikinta bai sa ba, sai hoton mai aske gemu.

A Kaduna Mista Kabiru ya tarbe mu da fara'a kamar ba komai, ya kai mu wani otal mai benaye. Na tambaye shi Isuhu, ya ce sai bayan kallo, yana hutawa. Ɗakin da aka ba ni yana da fanka da gado mai laushin da mutum ke nutsewa, amma ba buta, ba tabarma, kewayen kuma kujera ce ta tangaran a cikin ɗakin kwana. Na tambayi ma'aikata uku alƙibla, suka nuna mini wuri uku. Sai da na sauko na dubi inuwata na gane.

Abincin rana a tsaye ake ci. Manyan mutane, wasu da furfura, kowa riƙe da faranti yana yawo yana tauna yana magana, kamar an hana su zama. Shinkafa ce da ɗanyen ganye da cokali mai yatsu. A wajenmu baƙo ko maƙiyinka ne sai ka shimfiɗa masa. Na sami lungu na zauna a ƙasa da farantina, wani ya zo ya ɗauke ni hoto.

A nan na hango Isuhu daga nesa, cikin kwat da baƙin tabarau, mutane sun yi masa layi. Kowa ya miƙa takarda, ya yi ɗan zane a kai, mai takardar ya rungume ta ya wuce. Na ce wa Malam Bitrus, "Wankewa suke su sha?"

Ya ce, "Sunansa ne kawai yake rubutawa. Ajiyewa suke."

Na ce, "Maganin me?"

Ya ce, "Maganin a ce sun gan shi."

Na yunƙura in isa gare shi, aka janye shi ta wata ƙofa. Ya gan ni. Na san ya gan ni, don ya gyara tabarau.

Bayan azahar aka shigar da mu wani babban zauren taro, aka ja labulaye, aka kunna majigi. Kujerun gaba na waɗanda aka gayyata ne: malaman jami'a, 'yan jarida, manyan ma'aikata da matansu. Na baya na jama'ar gari ne, direbobi, teloli, mata 'yan kasuwa. Mu aka sa mu a tsakiya, saboda haka kunnena ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya. Daga bisani na gane yawancin na gaba an riga an raɗa musu sirrin, na baya kuwa ba su sani ba.

An fara da Isuhu cikin mota, jama'a na bin sa da gudu. Aka nuno shi yana kuka gaban madubi yana cewa suna ya cinye shi. Aka nuno abokansa suna rantsuwa ya haukace. Sai ga Dayi. Ga tsamiyar ƙofar gidana, ga zaurena. Aka nuno shi yana kokawa da garma, jakina ya kayar da shi cikin taɓo. Gaba suka fashe da dariya. Wata mata a bayana kuwa sai shessheƙa take tana cewa, "Allah Sarki, bawan Allah, dubi hannunsa."

Sai ga fuskata, kaina ya kai girman rumbu. Na ji muryata tana cewa, "Wannan bawan Allah ya bar duniya da gaske. Ni shaida ne." Dariyar da aka yi a gaba ta fi ta jakin. Wani mai lofe har yana buga cinya. A baya kuma aka ce, "Allah ya saka wa Malam." Ban san wanne ya fi ƙona ni ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban shirya masa ba. Ga rumfar masallacinmu ta waje, inda ake salla in ɗakin ya yi yoyo. Magariba ce, da sauran haske. Daga cikin mota suka ɗauka, can bayan tsamiya, suna leƙe kamar ɓarayin awaki. Ga Isuhu a gaba ya ɗaga hannu. Muryarsa kuwa ta fito tar, har numfashinsa ana ji. Na ce wa Malam Bitrus, yaya murya ta kai mota? Ya ce, "Ba ta kai ba. 'Yar rikoda ce a aljihunsa."

Ga bayan mutanena a jere. Ga Alhaji Sanda. Ga Baba Audu mai awon hatsi da rigarsa mai faci a kafaɗa, wanda muka binne da kaka, yana tsaye yana rawar tsufa, ya ƙi zama don yana ganin ladan tsayuwa ya fi. Mai lofe ya cire lofen. Da Isuhu ya kai ƙarshen Fatiha, gaba da baya duka suka amsa da amin, ba wanda ya sa su. Ni ban amsa ba.

Ƙarshen abin, aka nuno wanzami yana aske gemun. Isuhu ya sa kwat, ya juyo ya dube mu daga bango, ya yi murmushi ya ce, "Wata huɗu ban fita daga wasan nan ba ko cikin barci. Kun yarda, ko? Haka kuke yarda da duk abin da mai suna ya yi." Rubutun Turanci ya biyo. Malam Bitrus ya karanta mini a hankali: an tsara komai tun farko, mutanen ƙauyen ba a gaya musu ba, ana gode musu.

Aka buɗe labulaye. Na gaba suka miƙe tsaye suna tafi. A baya kuwa wuri ya kaure. Wani ya wurgo takalmi ya sami fanka. Matar da ke bayana ta ce, "To wa zai mayar mini da hawayena?" Wani ƙato mai rigar makanikai ya hau kujera yana cewa, "Wata biyar ban sha giya ba saboda mutumin nan. Na ce in shi ya iya, ni ma zan iya. Ku fito mini da shi." Wasu samari kuwa dariya suke har da riƙe ciki, suna cewa gwani gwani ne, ya yi wa kowa. Mata biyu suka kama cacar baki, ɗaya na cewa hawayen nan ba a ƙirƙira shi, ɗaya na cewa albasa ce.

Mai lofe ya gane ni, ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Malam, kada ranka ya ɓaci. Ba da ku ake ba. Da mu ake, mutanen birni, masu bautar suna. Wankin ido aka yi mana."

Na ce, "In mutanen birni kuke so ku wanke, don me kuka ɗebi ruwan a randarmu ta alwala?"

Ya ce ai fasaha sai da sadaukarwa. Na ce wa ya sadaukar, shi ko Baba Audu? Bai san wane ne Baba Audu ba.

Mista Kabiru ya hau dandamali yana kiran sunana a lasifika, wai in fito a tafa mini. Na fito, na hau, na wuce shi ba tare da na tsaya ba, na bi ƙofar da ke bayansa. Malam Bitrus ya tsaya a bakinta ya tare masu biyo ni.

Na sami Isuhu a wani ɗan ɗaki shi kaɗai, ya cire tabarau. Yana ganina ya zube a ƙasa.

Na ce, "Tashi. Ban sani ba ko wannan ma ana ɗauka."

Ya tashi. Ya fara bayani: wai irin aikinsu, in kana so ka fito a mutum sai ka zama shi, ka ci abin da yake ci, ka ji abin da yake ji. Da an gaya mana, wai da mun riƙa kallon kyamara, da abin ya lalace. Ya nuna mini tabon garma a tafinsa.

Na ce, "Tabon na gani, a gonata ka same shi. Ba wannan ya kawo ni ba. Tambaya ɗaya ce, kuma ka ji tsoron Allah a cikinta. Ranar da ka tsaya gaban mutanena ka ɗaga hannu, me ka ƙudurta a zuciyarka? Salla, ko wasa?"

Ya ce, "Malam, alwalata cikakkiya ce, ban taɓa shiga ba tsarki ba."

Na ce, "Ban tambaye ka alwala ba. Wa ya sa rikoda a aljihunka?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni."

Can ya ce, "Kwanakin farko ina lissafin inda zan karya murya. Ina cewa a raina, yanzu mai tuba zai yi kuka. Daga baya su Kabiru suka koma, ba mota, ba rikoda, na ci gaba da ja. Akwai asubar da na idar ban tuna ni ɗan wasa ba ne sai da rana ta fito."

Na ce, "Wace asuba? Ta nawa?"

Ya ce, "Ban sani ba."

"Daga wace rana ta zama salla?"

"Wallahi Malam ban sani ba. Da na sani da na faɗa."

Na gaskata shi a wannan, kuma gaskatawar ba ta rage mini komai ba. Na ce, "Baba Audu, mai kawo maka fura a gona, ya rasu. Bayan ka daina jan salla da kwana biyu ya kwanta. Sallolinsa na ƙarshe a tsaye, a bayanka ya yi su."

Ya zauna a kan kujera. Hawaye suka zubo masa. Na tsaya ina kallonsu, na rasa ko na wane ne, nasa ko na mutumin da ya ƙirƙira. Wannan ita ce ɓarnar da ya yi mini wadda ba a nuna a bango ba: yanzu in na ga mutum yana kuka, sai na duba aljihunsa.

Ya ce in yafe masa, zai zo Dayi ya tsaya gaban jama'a. Na ce, "Tuwona da ɗakina na yafe. Shaidar da na yi maka, wautata ce, ni zan ɗauka. Sauran ba nawa ba ne balle in yafe. Kada ka zo Dayi, in ka zo taro za a yi, kai kuma ka san abin da taro ke yi maka. Hamsin da biyar ɗin nan kai ma suna wuyanka. Ka rama su inda ba mai ganinka sai Shi."

Ban kwana a gadon otal ɗin ba. Muka sami motar yamma zuwa Funtuwa. A hanya Malam Bitrus ya ce, "Liman, ba kai kaɗai ba ne. Ni na koya masa huɗa, har irin masara na ba shi." Jim kaɗan ya ƙara, "Amma in faɗi gaskiya, wurin jakin nan na yi dariya."

Na ce, "Na ji ka."

Washegari na isa gida kafin azahar. Bayan an idar na juyo na gaya wa jama'a komai, ban ɓoye dariyar da aka yi wa shaidata ba. Na ce Isuhu da kansa bai san wadda ya yi da niyya ba da wadda ya yi don a gani, mu kuwa ba mu da ikon tsince tsakuwa daga cikin wannan shinkafa. Abin da ya fi tsira shi ne a rama duka. Baba Audu kuwa, Allah ba ya kama bawa da abin da aka ɓoye masa, wannan na sani, na kuma faɗa musu.

Na jira Alhaji Sanda ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya ce, "Yaya za a yi ta?"

Na ce bayan kowace salla a tashi a rama ta yini guda, raka'a goma sha bakwai, har sau goma sha ɗaya.

Ya dafa bango ya miƙe. Ya ce, "To bisimilla, Malam, shiga gaba."

Na ce, "Ba ni da iko. Ni a ɗaki na yi tawa, ba ta kaina. Wanda ba a bin sa farilla ba ya jan wanda ake bi. Sai dai kai, Alhaji."

Ya dube ni. Sa'an nan ya gyara hularsa ya wuce gaba, ni kuma na ratsa sahu na fita.

Yini biyu da salla ɗaya aka yi ana wannan, cikin zafin bazara. In ja ta lokaci, in yi sallama, in fito in zauna bakin ƙofa wajen takalma. Daga nan ina jin ƙarar gwiwoyin tsofaffi duk sanda aka sunkuya, ina jin numfashin Alhaji Sanda yana yankewa a raka'a ta goma sha biyar. Mutum ashirin da wani abu suna biyan abin da bakina ya jawo musu, ni kaɗai ne ba ni da ko raka'a ɗaya da zan taya su da ita. Ba wanda ya harare ni wajen fita. Kowa ya sa takalminsa ya ce, "Sannu da jira, Malam."

Allah ya karɓa musu ta farko da ta biyu. Ni kuma ya tsare harshena daga shaidar abin da ban gani ba.